Shinkafar Malama Rahila

Ina da shekara tara a Rabah, ranar Kirsimeti da la'asar, maƙwabciyarmu Malama Rahila, Kirista mai aikin jinya, ta miƙo mini langa shuɗiya in kai wa Inna. Shinkafa ce da naman rago, tana ƙamshin citta. Babana ta kira ya yanka ragon da safe, don mu iya ci.

Amma ƙawayena sun ce wanda ya ci abincin Kirista ya bar Musulunci. Sai na zagaya bayan darnin kara na juye wa awaki. Ina ɗagowa na ga Malama Rahila tsaye, da tsintsiya a hannu.

"Ɗiyata, mi ya faru? Yaji ya yi yawa?"

Na gyaɗa kai.

Ta karɓa, ta share bakin langar da gefen zane. "To, baɗi sai in rage. Ubangijina bai gaji da ni ba, ni ma ba ni gajiya da ku."

Ba ta faɗa wa Inna ba. Kafin baɗin aka yi mata canjin wurin aiki.

Yau na wuce shekarunta na lokacin. Malama, ƙarya na yi. Ko ɗanɗanawa ban yi ba.