Ranar Binne Kwat ɗin Nibaldo

Ranar Lahadin farko ta Disamba, lokacin da zafi ke fara shigowa a wannan ƙasar, Ermelinda ta saka jar rigarta ta gangaro bakin teku.

A garin nan, wanda teku ta ci ba a ga gawarsa ba, tufafinsa ake sawa a ɗan akwati a binne kan tudu. Yau aka tsayar za a binne na mijinta Nibaldo, shugaban ƙungiyar masunta. A makon da sojoji suka zo nemansa aka tsinci kwale-kwalensa a kife. Dangi sun haɗa akwati, sun kira limamin coci, amma Ermelinda ta hana su kwat ɗinsa, wanda ba shi da wani sai shi.

Ta zauna a rumfar mai soya kifi, daura da shingen da sojoji ke bincika kowane jirgi kafin ya fita. Ta ci a tsanake, tana tsotse ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ta sayi askirim. Can ƙarshen gadar da jirage ke tsayawa, ƙanenta Eladio yana loda taru a farin jirginsa. Ko kallon wajen ba ta yi ba.

Sai ga Fresia, ƙanwar Nibaldo, cikin baƙaƙen kaya, mata na biye da ita.

"Matar yaya, ki ji tsoron Allah! Jama'a na can tudu suna jira, ke kina nan kina lasar askirim? Ba ni kwat ɗin."

"Ba zan bayar ba. Da sauran amfaninsa."

"Amfani ga wa? Ko har kin yi sabon miji?"

"Tukuna. Dubawa nake yi." Ta juya ta kalli sajen da ke kula da shingen, tun daga hula har takalmi. "Saje, an ce ka iya rawa. Ko tsoron matar mamaci kake ji?"

Sojoji suka tuntsire da dariya. Ermelinda ta ce wa mai jitar da ke zaune bakin rumfa ya tashi kiɗa. Ta zaro farin hankici, ta ɗaga shi sama, ta shiga fili.

Fresia ta fashe da kuka. Wata tsohuwa ta tofar da yawu. Wani ya jefo kan kifi, ya sami Ermelinda a kafaɗa. Ba ta tsaya ba, sai ma ta ƙara buga ƙafa. Saje ya miƙa wa na kusa da shi bindiga, ya gyara hula, ya shigo. Sauran suka baro shingen suna tafi. Da Eladio ya yi kira yana neman izinin fita, saje ya kaɗa masa hannu ba tare da ya waiwaya ba.

Ermelinda ta yi ta juyi da sajen har gumi ya jiƙa jar rigar.

"Daga yau ba ke ba gidanmu!" in ji Fresia.

"Na ji."

Sai da farin jirgin ya sha kwanar dutse ya ɓace ta sauke hankicin. Ta koma rumfa ta zauna. Ta ce a ƙaro mata kifi, tana tunanin ko kwat ɗin zai tare wa Nibaldo sanyi, yana kwance a ɓoye ƙarƙashin jiƙaƙƙen taru a jirgin Eladio.