Daƙiƙa Goma a Shafin Farko

Mai shagon haɗa faifan DVD ya juyo mata da kwamfutar. "Ga shafin zaɓin, maman yarinya. Wannan guntun zai yi ta maimaituwa har a danna."

Daƙiƙa goma ce daga kyamarar mijinta: ana cin abinci, faranti ya suɓuce ya tarwatse. Kowa ya zabura, kaka ta saki salati. 'Yarta mai wata tara kuwa ko waiwaye ba ta yi ba.

"Kai, 'yar nan akwai haƙuri!" in ji mai shagon yana dariya.

Haka kowa ke cewa. A maimaici na uku maman ta miƙe tsaye. Ta zagaya bayan yarinyar da ke wasa a ƙasa cikin shagon, ta tafa da ƙarfi.

Mai shagon kaɗai ya firgita.