Tuwon Birni a Cikin Ɗan Ruga

Kubura, kin ce mijinki ya ƙi yin ƙiba, har matan unguwa suna yi miki dariya wai ba ki iya girki ba. Ajiye ludayin nan ki zauna. Ni ban yi karatu mai nisa ba, a firamare na tsaya, don haka ba maganar likita zan yi miki ba. Misali zan ba ki, kuma a ɗakina ya faru.

Mai gidana, Allah ya jiƙan sa, Bafulatani ne ɗan ruga. Ranar da na fara ganin sa, bijimi ya koro wa babana, siriri kamar sandar da ke kafaɗarsa. Tun asuba ya taso da ƙafa, amma ko haki ba ya yi. A rugarsu abinci ba shi da yawa: fura da nono da safe, ɗan tuwo idan an dawo, tsakaninsu kuwa tafiya ce a bayan shanu wuni guda. Mu kuma gidan mahauta ne a cikin gari. A wurinmu idan mai bai taso a kan miya ba, ba a yi girki ba, idan kuma magidanci bai ajiye tumbi ba, matarsa ake zagi. Babana ƙato ne, kujera ɗaya ba ta isar sa, kuma ya kai shekara tamanin. Shi ya sa ban taɓa ganin aibin abin ba.

Da muka yi aure sai ya sayar da rabonsa na shanu, ya buɗe shagon hatsi a bakin kasuwa. Ya zauna a kan benci, ni kuma na ɗaura ɗamara. Tuwon shinkafa da miyar taushe, farfesun kayan ciki, waina tana ninƙaya a mai, shayi mai kauri da sukari, lemon kwalba bayan azahar. Yana da kunya irin ta mutanensu, ba ya iya mayar mini da kwano da saura. Abu ɗaya ya rage masa na gida: duk Asabar yakan taka zuwa ruga ya gaida mahaifiyarsa, ya dawo da yamma ƙafafunsa fari fat, yana ta fara'a. Ni kuwa kunya nake ji, mai shago guda yana tafiyar ƙasa kamar ɗan kiwo. Ban bar shi ya huta ba sai da ya sayi babur.

Wata rana mahaifiyarsa, muna ce mata Nenne, ta zo da ƙwaryar nono a ka. Ta daɗe tana kallon sa yana ƙoƙarin tashi daga tabarma, sai da ya dafa bango. Na ce, “Nenne, kin ga yadda na gyara miki ɗanki? Hutu ne.” Ta yi ɗan murmushi ta ce, “'Yata, ke fa 'yar mahauta ce. Bijimin da aka ɗaure a turke ana zuba masa dusa, don ya daɗe ake yi?” Na yi dariya, na ɗauka barkwancin Fulani ne.

Ciwon suga ne ya fara zuwa, hawan jini ya biyo baya. Wata la'asar ya faɗi tsakanin buhunan gero, ɓarin jikinsa ya shanye. Wata huɗu yana kwance. Bai taɓa cewa laifina ba ne. Abin da yake roƙo kawai, a jingina shi a ƙofar gida da hantsi, lokacin da shanu ke wucewa zuwa mashaya. Yakan bi su da ido har su ɓace, lafiyayyar ƙafarsa tana motsi a ƙasa. Ya rasu bai cika shekara hamsin ba.

Ranar sadakar uku yayyensa suka zo gaisuwa, su huɗu, da ƙafa. Babbansu ya girme shi da shekara goma sha biyar, gemunsa fari, cikinsa a lafe. Da za su koma na tsaya a soro ina kallon bayansu, kowa da sanda a kafaɗa, hannuwa a rataye. Tafiyarsa ce sak, irin wadda ya zo mini da ita. Har yau idan makiyayi ya gifta ta layinmu, sai na leƙa.

Ban sani ba ko a jini abin yake ko a sabo. Na dai san na ɗauko mutumin da ƙafarsa ke riƙe da lafiyarsa, na auna shi da mudun gidanmu. Mijinki a kan kunyar gona ya tashi da fartanya a hannu, ki bar shi da jikinsa, masu dariya ba su za su yi miki takaba ba. Hausawa sun riga sun faɗa: kowa da kiwon da ya karɓe shi.