Rikodar Baba a Gindin Tsamiya

Baba ya hana kiɗa a gidanmu na Gagarawa. Rediyon yayana ma da taɓarya ya farfasa ta.

Wata rana da azahar Inna ta aike ni gona in kai masa fura. Tun daga nesa nake jin jita irin ta Buzaye. Ina isa gindin tsamiya, sai ga Baba kishingiɗe, ido rufe, rikoda a cinya, yana gyaɗa kai.

Ƙwaryar ta suɓuce mini. Na ƙame, ina jiran mari.

Ya dubi furar a ƙasa, ya dube ni.

"Zauna," ya ce. "Daga Maigatari aka kawo mini. Jira ta gaba, ta fi wannan daɗi."

Ta fi kuwa. Har yau in yayana ya tada zancen rediyonsa, sai in sunkuyar da kai.