Farashin Kukan Garifalya

Guguwar da ta kife jirgin kamun kifi ta raba Garifalya da miji, da jirgin, da taru. Ta bar mata gida babu mai jifan ta da kwano, da barci har gari ya waye, da suna a duk ƙauyukan gaɓar teku. Gawa biyu ruwa ya dawo da su, Sotiris mijinta da Anestis abokin sana'arsa, aka binne su rana ɗaya. Waƙar makokin da ta rera a maƙabarta ran nan, ba ta sake rera ta ba, ko ranar da aka tono ƙasusuwan Sotiris bisa al'adar garin aka wanke da ruwan inabi, aka sa a akwatin gwangwani a kan kantar danginsa, cikin ɗakin ƙasusuwa na bayan coci. Dangin sun bar mata gurbi kusa da shi. Ba ta taɓa cewa ta gode ba.

Bayan shekaru talatin, jikarta Matula ta dawo daga sakandare tana ƙyalƙyala dariya. Wai suna karanta wani tsohon wasan kwaikwayo na gidan sarauta da suka yanka juna, Malam Lefteris ya rasa yadda zai yi su gane adon magana, sai ya tsinto guntayen waƙar Garifalya a bakin tsofaffi ya rubuta a allo: Dogo mai sunkuyawa a ƙofa, bahago mai ƙanshin lemo.

Ajin ya fashe da dariya, don kowa ya san hoton Sotiris, gajere kamar turmi, ga shi ba a tuna shi da komai sai ƙarnin kifi da giya. Malam ya ce wannan ita ce kambamawa. Tsayin, girman daraja ne. Hagun, ɓangaren zuciya. Lemon kuwa kyan hali.

Garifalya ta tofar da ƙwallon zaitun. Abin da ta amayar daga hanjinta, shi 'ya'yan mutane ke feɗewa kamar kifi, har ana ba su maki.

Ran Asabar malamin ya zo da kansa. Garifalya na ganin ya duƙa zai shigo, ta mai da ido kan tukunya. Ya ce rabin waƙar ya ɓace, yana so ta zo aji ta rera ta cikakkiya kafin jarrabawa, zai biya.

"Gwaggo, in kika tafi da ita kabari, asarar ta garin nan ce duka."

"Garin ya kawo ciniki da kansa mana. Kai ɗan aike ne?"

Ya taya da kuɗi, ta ce ko akuyarta ba ta kuka a wannan farashin. Ya ce zai gyara mata rufin da ke yoyo, ta ce ita da yoyon sun saba. Da ya ce zai duba wa Matula maki, sai ta nuna masa ƙofa da ludayi, ta ce jikarta ba tumatir ba ce da za a yi gyara da ita.

Bai daddara ba. Kowace Asabar sai ya dawo da cuku ko kwalbar man zaitun, ta karɓa ta kushe. Ya ba ta labarin sarauniyar wasan, mai kiran kabari ɗakin amarya, ta ce wadda ta faɗi haka ba ta taɓa wanke gawar da ta kwana a ruwa ba. Ya ce shi ma ruwa ne ya maraitar da shi yana goye, bai san fuskar ubansa Anestis ba sai a hoto, uwarsa kuwa ta yi wani aure a birni, can aka binne ta. Garifalya ta ce wa zai gaya wa, tana wurin.

Asabar ta ƙarshe kafin jarrabawa ya zo ya zauna, kayan tayinsa sun ƙare. Ya ɗauki lemo a kwando, ya riƙe wuƙa da hagu, ya fere shi ɓawon bai tsinke ba. Ƙanshin ya cika ɗakin. Garifalya ta daɗe tana kallon ɓawon a kan tebur.

Ta tambaye shi wa ke da iko da kantar danginsu a ɗakin ƙasusuwa. Ya ce shi kaɗai ya rage.

"To zan zo ranar Litinin. Amma ka goge shirmen da ka rubuta a allo. Ni ban taɓa yi wa magana ado ba, yaro. Na ce dogo, dogo ne. Na ce bahago, bahago ne."

Malamin ya tsaya da lemon a hannu. Ya tambaye ta nawa za ta karɓa.

"Gurbi ɗaya," in ji ta. "Ranar da aka wanke ƙasusuwana, ka ajiye akwatina kusa da na ubanka."