Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Ranar da malamin firamare ya zo ƙauyenmu, kusa da Sandamu, don ɗaukar sunayen yara, an jera mu a ƙofar gidan mai gari bayan azahar. A lokacin ba mu da takardar haihuwa. Yaro zai ɗora hannun dama bisa kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓo, ya isa shiga makaranta.

Babana ya durƙusa kamar zai gyara mini wuyan riga. Har yau ina jin warin awakin da ke jikinsa. Ya ce a hankali, "Kada ka bari hannunka ya kai. In suka ɗauke ka, wa zai yi mini kiwo?"

Da aka zo kaina, na tsayar da yatsuna a tsakar ka. Malam ya dubi dogayen ƙafafuna.

"Malam Idi, yaron nan fa ya isa."

"Allah ya gafarta Malam, tsayi ne kawai," in ji Baba.

Ɗan mai gari kuwa, da na girme shi da damina biyu, ko hannu ba a sa shi ɗagawa ba aka rubuta shi.

Yanzu shanu nake lodawa zuwa Kudu, kuma ba a cutata a ciniki. Amma bara, a wani asibiti a Daura, da aka miƙo mini takardar gwajin matata, sai da na tare wani baƙo a baranda ya karanta mini. Shi ya riga ni sanin ba za ta tashi ba.