Kuɗin Shiga Farin Jirgi

Ka ce mako mai zuwa za ka kai maiɗakinka ƙasar waje ta buɗe ido, amma tun da ka zauna ban ji ka ambaci abin da za ku gani ba, sai farashin canji kake ta bita. To ajiye wayar nan ka ji labarin wani mai gyaran agogo da na sani.

A zamanin da kuɗinmu ke da daraja, lokacin da matafiyi kan ɗaura lalita a ƙugu ya rufe da riga ya shiga duniya, mutumin nan ya samu shekara mai albarka, ya ɗauki matarsa suka tafi wani birni na bakin teku a ƙasar waje. Ba za a kira shi marowaci ba, amma yana da ciwo guda. Duk abin da aka faɗa masa farashinsa, sai ya tsaya ya mayar da shi kuɗin gida a zuci, leɓensa na motsi. Kofin shayi ya zama mudun shinkafa, kuɗin tasi ya zama ɗinkin riga. Haka suka yi kwana shida suna yawo a ƙafa, suna cin burodi da soyayyen kifi a bakin titi, ita kuwa ko a jikinta, murna kawai take. Mace ce da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin garinsu ba, wanda ke ƙafewa tun kafin rani ya yi nisa. Kullum bayan la'asar takan ja shi bakin teku, ta tsaya tana kallon wani farin jirgi mai rumfa da ke kwasar baƙi ya zaga da su bayan tsibiri ya dawo. Ana gobe za su koma ta ce, "Malam, mu shiga mana, ko sau ɗaya." Ya je tagar masu sayar da tikiti ya tambaya, leɓe ya motsa, ya ga ai ladan gyaran agogo ashirin ke nan. Kuɗin kuwa suna nan a lalita, har da saura. Ya dawo ya ce mata, "Bari sai mun sake zuwa." Ta ce Allah ya kai mu, ta gyara mayafinta suka wuce masauki.

A filin jirgin sama ɗan canji ya ce zai karɓi ragowar kuɗin amma da ragi, shi kuma ya ce ba da shi ba, ya taho da su gida. Ita ta adana su a ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwanta na fita. A jikin ɗaya daga takardun akwai hoton jirgin ruwa. Duk bayan damina takan fito da su ta shanya a kan faifai kada su yi fumfuna, yara su kewaye ta, ta nuna musu hoton ta ce ga kuɗin jirginsu nan ita da babansu. Daga nan hidima ta yi ta zuwa: makarantar yara, rufin ɗaki, aurar da wannan, jinyar wancan. Agogon batir ya cika kasuwa, masu kawo gyara suka ragu. Bana ba dama, sai baɗi. Aka kwashe shekara talatin da ɗoriya ana sai baɗi, har ranar da aka fito da ita a makara ta ƙofar da take shanya kuɗin a gabanta.

Bayan shekara biyu babbar 'yarsu ta ga kewa na cin tsohon, ta kai shi birnin nan na bakin teku. Ya ɗaura tsohuwar lalitarsa da kuɗin nan na ƙasan kwalla a ciki, ya ce shi zai biya kuɗin shiga jirgin. Tagar tana nan inda ya bar ta. Yarinyar da ke ciki ta juya takardun gaba da baya ba ta gane su ba, ta kira wani dattijo abokin aikinta. Shi kuwa ya karɓa ya yi murmushi kamar ya ga abokin ƙuruciya, ya bayyana wa 'yar cewa an daɗe da canza waɗannan, yanzu ko ƙwayar gyaɗa ba za su saya ba. 'Yar ta ɗora katin banki a kan na'ura, ta yi ƙara sau ɗaya, aka buɗe musu hanya. Mai gyaran agogon ya zauna ƙarƙashin rumfar jirgin, ya duba agogon hannunsa da jirgi ya tashi, ya sake dubawa da ya dawo. Minti arba'in. Da bakinsa ya faɗa mini, yana kuka bai ɓoye ba, cewa shi da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane lokaci, minti arba'in ya hana matar da ba ta taɓa roƙonsa komai ba sai wannan. Har ya rasu takardar mai hoton jirgi tana cikin aljihunsa.

Saboda haka ka yi canji a inda ya dace, ka raba guzurinka gida biyu, ka riƙe katinka da kyau, duk wannan hankali ne. Amma in maiɗakinka ta tsaya tana kallon wani abu har ta buɗe baki ta roƙa, kuma kuɗin na aljihunka, ka biya ku shiga. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da na sani ƙeya ce, a baya take.